Dutsen Kabarin Achiel a Bakin Shawa

Ina wannan rubutu ne ƙafata ta hagu tana kan matashi, naɗe da filasta tun daga yatsu har gwiwa, a ɗakin da Tante Zulma take ajiye keken ɗinkinta. Likita ya ce ƙashin zai haɗe. Bai ce komai ba game da faɗuwar gaban da ke kama ni duk lokacin da na ji an kunna famfo a ƙasa.

Tante Zulma ƙanwar kakata ce, "tante" kuwa inna ke nan a harshenmu. Shekarunta tamanin da uku, kuma tun ranar aurenta take zaune a gida ɗaya a garin Ronse, cikin siraran gidajen jan bulo da aka jera wa ma'aikatan masaƙa, kowanne manne da maƙwabcinsa. Tana 'yar shekara sha huɗu ta shiga masaƙa, ba ta fito ba sai da aka rufe ta. Injinan sun cinye mata rabin ji, saboda haka da ƙarfi take magana kamar har yanzu suna aiki, kuma bakin mutum take kallo idan yana yi mata magana. Wanda ya sunkuyar da kai yana ƙunƙuni, a wurinta bai ce komai ba. Ni kuwa da ƙunƙuni aka haife ni.

Abin da aka san ta da shi a layin shi ne goge-goge. Dokin ƙofarta na dutsen nan ne mai duhun shuɗi, kusan baƙi, irin wanda yake bakin kowane gida a garin, amma nata kana iya gyara gashinka a cikinsa. Duk Asabar da safe sai ta fito da bokiti da sabulu ta durƙusa a kansa. Da gwiwoyinta suka ƙi, sai ta ɗaura buroshi a jikin sanda ta ci gaba a tsaye. Ɗan aiken gidan waya ma ya san ba a taka mata shi, tsallakawa ake yi.

Mijinta Achiel ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni. An ce a masaƙar suka haɗu, kuma tantabarunsa na tsere sun fi jin muryarsa a kan mutanen gidan. Lokacin da Tante ta matsa aka gina banɗaki na zamani a bayan kicin, da baho da ruwan zafi, Achiel ya leƙa sau ɗaya ya ce wurin ya yi kama da asibiti. Har ya mutu a famfon tsakar gida yake wanka, rani da hunturu, da guntun sabulu mai warin kwalta. Da ya rasu ta sa aka yanka masa dutsen kabari na irin dutsen dokin ƙofarta, aka goge fuskarsa sumul. Mutane a ƙarshen Oktoba suke zuwa wanke kaburbura, kafin ranar tunawa da matattu, su ajiye fure su tafi sai baɗi. Ita kowane wata take hawa bas da bokitinta. Shekara talatin tana haka. A duk maƙabartar babu dutsen da ke ɗaukar ido kamar na Achiel, mutumin da bai taɓa goge takalminsa ba.

A farkon kakar da ta wuce ta shiga baho da safe ta kasa fitowa. Ba ta kira kowa ba. Ta zare toshiyar ruwan, ta jawo tawul ta lulluɓa, ta zauna a ciki har ɗanta Ignace ya zo da rana tsaka kawo mata burodi. Ta ce masa wanke bahon take yi.

Ignace ya kusa sittin, mai sayar da magani ne, irin mutanen da suke karanta takardar cikin kwali tun daga farko har ƙarshe. A makon nan ya samo mata ɗaki a gidan tsofaffi da ke wancan gefen gari. Aka ce za a riƙe ɗakin zuwa ƙarshen shekara. Tante ta ce sai dai a fitar da ita a kwance. Suka yi ta ja, daga bisani suka tsaya a kan sharaɗi: za a cire bahon a yi shawa, sannan wata mata daga asusun lafiya, wadda aikinta duba gidajen da tsofaffi ke zaune su kaɗai, za ta zo ta gani. In ta ce babu haɗari, Tante ta zauna a gidanta. In ta ce akwai, ta tattara.

"To wa zai tsara?" in ji Tante.

"Ai ga Febe," in ji Ignace. "Abin da ta karanta ke nan."

Febe ni ce. Na gama jami'a a birnin Gent a watan Yuni, na karanta tsara cikin gida, kuma tun daga lokacin nake zuwa neman aiki ina fitowa da rigata a jiƙe da gumi. A wani ofishi an tambaye ni abin da na fi iyawa, na ce "to", na yi shiru har mutumin ya tashi ya kawo min ruwa. Sai dai binciken da na rubuta na kammala digiri, a kan santsin daɓe ne a banɗakin tsofaffi. Shekara guda na yi ina zuba ruwan sabulu a kan duwatsu da tayil ina auna yadda suke zamewa. Malamaina sun yaba. Idan akwai mutum ɗaya a Ronse da bai kamata ya yi abin da na yi ba, ni ce.

Tsarin kansa bai ba ni wuya ba. Bututun gidan a sama-sama yake, ba za a iya haƙa ƙasan shawar ya yi daidai da daɓen ɗakin ba, don haka dole a yi ɗan dakali a bakinta, tsayin yatsu huɗu, mai tare ruwa. Tsakanin shawar da masai kuma a yi guntun bango iya ƙugu, ya hana fallatsi, ya kuma zama abin dafawa. Magina suka zo suka fasa, suka shafa abin hana yoyo, suka manna tayil. Abin da ya rage shi ne abin da za a ɗora a saman dakalin da saman guntun bangon. Waɗannan wurare biyu su ne ruwa ke kwanciya a kai, su ne kuma ƙafa da hannu ke sauka. Ana son falle ɗaya ne babu haɗi, a ɗan karkata shi zuwa ciki, kuma ya zama mai kaushi. Wannan na ƙarshe na ja masa layi biyu a bincikena.

Na ciko jakar goyo da gutsattsarin samfur na hau jirgin ƙasa, madaurin jakar yana yanka min kafaɗa. Na jera su a teburin kicin kusa da tukunyar gahawa. Tante ta ɗauki kowanne, ta hura masa iskar baki, ta goga da hannun rigarta, ta ɗaga wajen taga.

"Wannan mene ne?"

"Garin dutse ne da aka haɗa da roba, Tante. Ba ya shan ruwa."

"Haƙoran roba ma ba sa shan ruwa. Wannan fa?"

"Tayil ne, sai a sa masa bakin ƙarfe."

"Kamar teburin mahauci. Wannan farin?"

"Marmara. Amma sabulu yana ɓata shi."

"Dutsen da ke tsoron sabulu me zai yi a gidana? Wannan kuma wa ya tauna shi?"

Shi ne wanda nake so, dutse mai ruwan toka da aka babbake fuskarsa da wuta har ta yi kaushi. Na fara bayani. Na san ina bayanin ne wa kofin gahawata, domin da na ɗago ta riga ta juya tana neman mayafinta.

"Sa takalminki, 'yar nan. Zan nuna miki dutse."

Bas ya sauke mu a gindin tudun maƙabarta. Sau uku ta tsaya kafin mu kai sama, kowane tsayi sai ta ce tana duba furen wani ne. A gaban kabarin Achiel an kafa ɗan allo na hukumar gari: wa'adin hayar wurin kabarin ya cika, iyali su sabunta, ko su ɗauke dutsensu kafin a kwashe.

"Sai a sabunta," na ce.

"Don wa? Gwiwoyina sun gama da tudun nan. Ignace ba zai zo ba, ciyawa tana sa shi atishawa. Ke ma ba za ki zo ba, kar ki yi min ƙarya. Shekara biyu gansakuka ta rufe shi, maƙwabciyata matar Prosper ta wuce ta ce ga na Zulma nan." Ta sunkuya ta ɗauke wani ganye daga kan dutsen. "Tunda ba zan iya zuwa ba, shi ya zo."

"Ƙasusuwan fa, Tante?"

"Ƙasusuwan sun san inda suke. Dutsen nake nufi. Dubi tsawonsa. Ba zai yi miki dakalin da bangon ba?"

Zai yi. Da ido ma na ga zai yi har da saura. Kuma dutsen nan ba baƙon ruwa ba ne, da shi ake yin bakin taga da dokin ƙofa tun kakannin kakanni. Sai na ce ina ganin ya kamata a tambayi Ignace. Ta ce ba Ignace ne ya goge shi ba.

Shagon Norbert mai yankan dutse yana kallon ƙofar maƙabartar. Shi ke yin duwatsun kabari, shi ke yin dokin ƙofa, wani lokacin daga falle ɗaya. Bai nuna mamaki ko kaɗan ba, ya ce akwai wanda ya yi teburin lambu da na surukarsa. Bayan an kawo dutsen muka koma, ya kwantar da shi a kan katakai biyu, ya auna, ya ja layi da alli. Rabin sama mai suna zai zama murfin bangon, rabin ƙasa da babu rubutu zai zama dakalin.

"Wace fuska ce a sama?" in ji shi. "Mai sheƙin, ko bayan?"

Bayan dutsen yana nan yadda zarto ya bar shi, garas-garas. Amsar a bakina take. Zan iya faɗin ta cikin barci, da alƙaluma. Na dubi Tante, ta ɗora tafin hannunta a kan fuskar mai sheƙin kamar mai taɓa goshin mara lafiya. Na sunkuyar da kai na ce wa takalmina, a gaskiya in aka jiƙa wannan fuskar tana da santsi.

"Me ta ce?" in ji Norbert, domin injin yankan dutse yana kuka a baya.

"Ta ce mai sheƙin," in ji Tante.

Norbert ya dube ni. "Ke ce mai digiri, 'yammata. Ni yanka kawai nake yi."

Na gyaɗa kai. Har godiya na yi masa.

Na yi niyyar kiran sa washegari. Na rubuta jimlar da zan faɗa a wayata, na maimaita ta a gaban madubi, na danna lambar, da ta fara ƙara sai na kashe don in sha ruwa. Da gari ya sake wayewa na ce Litinin ta fi dacewa. Ranar Litinin na gaya wa kaina ai dakali tsallake shi ake yi, ba a takawa. Alhali akwai babi guda a bincikena da ke nuna cewa tsofaffi ba sa tsallakewa, takawa suke yi, domin ƙafar ba ta ɗaguwa. Ni na rubuta shi. Na ma zana ƙafar. Kafin in gama shirya kaina Norbert ya yanka, ya kawo, ya kafa.

Gaskiya ya yi kyau. Baƙin dutsen a kan farin tayil kamar a mujalla. A saman guntun bangon ga sunan nan a sassaƙe, Achiel, da shekarar haihuwa, ta mutuwar ta tafi a yanka. Ignace ya zo dubawa da yamma, ya tsaya a ƙofar banɗakin ya daɗe.

"Mama, wannan ai Baba ne."

"Shi ne. Shekara nawa ina roƙonsa ya shigo ɗakin nan."

"Mama, kusa da masai."

"A raye ma kusa da kashin tantabaru yake wuni."

"Ni ba zan iya zama a nan yana gefena ba."

"To ka riƙe har gidanka, ai ba nisa."

Ignace ya juyo gare ni. "Febe, wannan ya halatta kuwa? Ina nufin a wurin aikinku."

Na ce babu dokar da ta hana. Tambayar da ya yi ke nan, ita na amsa. Sunan ya ɗauke masa hankali har bai kalli dakalin ba, na kuwa ji daɗin haka kamar ɓarawon da aka kama wani da laifinsa.

Matar asusun lafiyar, Madam Depraetere, ta zo da safiyar wata Alhamis. Mace ce mai sanyin murya da takalmin roba, tana kiran Tante da "uwar gida" irin na garinmu, tana kallon ta ido da ido in za ta yi magana. Tante ta sa rigar zuwa coci, ta dafa gahawa, ta fito da biskit na baƙi. Ignace ya rufe shagonsa ya zo. Muka cunkusu mu huɗu a banɗakin.

Komai ya tafi daidai da farko. Ta ja ƙarfen riƙewa da na sa a bango, bai motsa ba. Ta zauna a kujerar shawar ta tashi. Ta yaba hasken, ta yaba tayil ɗin ƙasa, ta ce wanda ya zaɓe shi ya san abin da yake yi. Kunnuwana suka yi zafi don daɗi. Ta karanta sunan da ke kan bangon ta ce Allah ya ji ƙansa. Sannan ta tsuguna ta shafa dakalin da tafin hannu, ta sake shafawa.

"Wannan an goge shi da yawa."

"Shekara talatin," in ji Tante, tana gyara wuyan riga.

"Ina jin tsoronsa in ya jiƙe, uwar gida."

Ignace ya kalle ni. Tante ta kalli bakin matar, sannan ta kalli nawa. Na ga ta gane cewa gidanta ake magana a kai. A nan ne, karo na farko a rayuwata, murya ta fito min tar, har ta yi amo a jikin tayil.

"Ba shi da santsin da ake gani. Bari in nuna muku."

Ban san wadda ta faɗi haka ba. Na cire takalmi da safa, na kunna ruwa, na watsa a kan dakalin, har na ɗan matsa sabulu don a ga ba na tsoro. Madam Depraetere ta ce ba sai na yi ba. Na yi mata murmushi, na ɗora ƙafar hagu a kai, na saki nauyina.

Abin da nake tunawa shi ne silin, da sunan Achiel yana wucewa ta gefen idona a kife, da wata ƙara kamar an karya karas. Sai ga ni kwance a cikin shawar da na tsara wa tsohuwa, da rigar neman aikina, ruwan ɗumi yana zuba min a fuska, ƙafata tana kallon inda ban aike ta ba.

Tante ce ta fara motsawa. Ta dafa bangon, ta tsallake dakalin yadda ban taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba, ta kashe famfo tukuna, domin ruwan zafi ba a banza yake ba. Sannan ta zauna a kujerar shawar da rigar cocinta, ta kama hannuna da hannun nan nata mai tauri.

"Kalli bakina, kar ki kalli ƙafar," ta ce. "Ignace, kira motar asibiti, kar ka tsaya kana karanta ta kamar takardar magani."

Ba ta sake ni ba har motar asibiti ta zo.

Madam Depraetere ta gaya wa Ignace abin da kowa ya gani: ba za ta iya cewa babu haɗari ba. Ɗakina a Gent a can ƙololuwar bene yake, babu lif, saboda haka da aka sallame ni gidan Tante mai hawa ɗaya aka kawo ni. Ignace ya ce mu zauna tare zuwa ƙarshen wata, sannan kowa ya kama gabansa. Ya fara kawo kwalayen magani marasa komai yana jerawa a zaure don kayanta. Tante ba ta taɓa su ba, sai dai ta share ƙurar da ke kansu. Wanka kuma a kicin muke yi, ni da ita, da baho na roba da tsumma, ga sabuwar shawa a rufe a baya.

Wata rana tana yanka min burodi na tara duk ƙarfina, na jira ta ɗago, na kalle ta.

"Tante, akwai gyara. Norbert yana da guduma mai haƙora. In ya bi fuskar dutsen da ita zai yi kaushi, ƙafa ba za ta zame ba. Amma sheƙin ya tafi ke nan, ba ya dawowa."

"Kin san da wannan tun a shagon?"

"Na faɗa a shagon."

"Wa kika faɗa wa, takalminki?"

Na ce shi ne. Ta ci gaba da yanka burodin har ya fi ƙarfin mutum biyu.

"Ba za a sa wa dutsen nan guduma ba," ta ce. "Gara in tafi."

Na ɗauka an gama ke nan. Na kwanta a ɗakin keken ɗinki ina lissafin yadda zan gaya wa mahaifiyata cewa aikina na farko ya kai ƙanwar uwarta gidan tsofaffi, ni kuma ya kai ni asibiti.

Ranar Lahadi Ignace ya kai ta gidan tsofaffin ta ga ɗakin. Da suka dawo ba ta cire mayafi ba ta hau min ɗaki, tana hutawa a kan matakala.

"Ya wurin?" na ce.

"Tsaf. Abinci da kyau, ga lambu, ga taga. Akwai wata da muka yi masaƙa tare, ba ta gane ni ba." Ta zauna a bakin gadon. "Babu dokin ƙofa, 'yar nan. Ko ɗaya. Roba ce shimfiɗe daga zaure har ɗaki. Wani yaro ke bi da inji da safe. Na tambayi shugabarsu ina ake ajiye bokiti, ta yi dariya ta shafa min kafaɗa, ta ce na huta haka nan." Ta kalli hannuwanta. "Ba ni lambar Norbert."

Ya zo da gudumarsa da tabarau na aiki, ya toshe magudanar da tsumma. Ni ina kan kujera a ƙofar banɗakin, sandunana a jingine, Tante tana tsaye a bayana. Ya fara da dakalin. Duk inda gudumar ta sauka sai baƙin ya koma fari-fari, ƙura ta tashi. Ita ba ta jin ƙarar sosai, amma ina ji a jikin kujerar yadda hannunta ke matsewa da kowane bugu. Da ya gama ya ɗaga tabarau ya nuna murfin bangon.

"Wannan ma?"

"Wannan ba a takawa," na ce da sauri. "Ana iya barin sa, Tante. Ga ƙarfen riƙewa can."

"Ni bangon nake dafawa, ba ƙarfen ba. In hannuna da sabulu fa?"

Kaina ya fara sauka da kansa. Na ga filastar ƙafata inda takalmin ya saba zama, sai na ɗago.

"Zai zame."

"To duka," ta ce wa Norbert.

Ya bi ta kan sunan a hankali. An sassaƙa haruffan da zurfi, don haka ba su ɓace ba, sun dai dusashe, sai ka sa yatsa ka bi su. Da ya share ƙurar Tante ta matso ta ɗora tafin hannu, ta ja, hannun ya ƙi tafiya. 

"Yanzu ya fi kama da shi," ta ce. Ta juya ta tambayi Norbert ko zai sha gahawa, kuma ya cire takalminsa kafin ya taka mata kicin.

Madam Depraetere ta dawo a makon da ya biyo. Ta jiƙa dakalin da kanta, ta sa sabulu, ta gwada da hannu, sannan ta juyo ta ce min kar in tashi, ta gode. Ta sa Tante ta shiga ta fito, ta shiga ta fito. Ta ce wa Ignace uwarsa na iya zama a gidanta. Ignace ya fita tsakar gida ya yi waya, na ji yana ba da haƙuri yana cewa a ba wani ɗakin. Da zai tafi ya kwashe kwalayensa. Har yanzu ba ya shiga banɗakin.

Tante ta riga ta cinye tsumma biyu a kan dutsen, kaushin yana yage su. Ta ce za ta nemi buroshi mai tauri. Ni kuma da safe nake wanka, ƙafar a cikin ledar shara an ɗaure da igiya. Da na iso bakin shawar sai in ajiye sanduna, in zauna a ƙasa, in ja jiki da baya in haye dakalin a zaune kamar jaririya. Jiya ban kulle ƙofa ba ta same ni a haka.

"Ki taka shi mana," ta ce. "Ai ke kika ce ba ya zamewa."

Na ce na sani. Na ce gobe.